Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Ingila: masu zuwa ƙofa da maganar canza boila

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman na Manchester da Birmingham da Landan, don Allah ku tura wa iyalanku wannan kafin sanyi ya yi nisa. Akwai wasu mutane da ke bin gida-gida ko su bugo waya, wai daga shirin gwamnati suke, za su duba boila (na'urar dumama gida da ruwa) kyauta, kuma dama da yawanmu boilar gidan ta haura shekara 12 ko 15 muna ta wasi-wasi ko a canza ko a ƙara lallaɓawa, to a nan suke kama mutum.

Wata 'yar uwa maƙwabciyarmu aka yi wa haka, maigidanta yana wajen aiki. Mutumin ya zo da rigar ma'aikata mai ƙyalli da jakar kayan aiki, ya buɗe murfin boilar ya ɗan leƙa, ya girgiza kai ya ce mata wannan abin zai kashe ki da yaranki, ya kashe ta, ya ce ta tura kuɗin kafin alƙalami ta banki yanzu-yanzu gobe a saka sabuwa, sauran kuɗin gwamnati ce za ta biya. Uwa da ƙananan yara cikin sanyin Disamba, ya za ta yi? Ta tura. Daga nan lambarsa ba ta sake shiga ba. Da injiniyan gaske ya zo, ashe ruwan cikin bututun ne ya ragu allurar presha ta faɗi ƙasa da 1, ya buɗe ɗan famfon da ke ƙasa ya mayar da ita tsakanin 1 da 1.5, boila ta tashi lafiya lau. Wallahi abin ya ƙona min rai, kuɗin da ta tara da guminta.

Duk wanda zai taɓa kayan gas a ƙasar nan dole yana cikin Gas Safe Register, wato rajistar ma'aikatan gas masu izini, ita ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI tun 2009. Ku ce ya nuna katinsa, akwai hotonsa da lamba mai alƙaluma 7 da ranar da katin zai ƙare, ku juya bayan katin ku ga ko an rubuta yana da izinin aikin boila, don wani na murhun girki kawai aka ba shi. Ku duba lambar a shafinsu yana tsaye a bakin ƙofa, ba rashin kunya ba ne, na gaske ba ya jin haushi.

Maganar tallafi kuwa, Boiler Upgrade Scheme da suke fakewa da shi yana ba da fam 7,500 ne don na'urar da ke janyo zafi daga iskar waje ko daga ƙasa, ba ya biyan kuɗin sabuwar boilar gas ko kaɗan. In kuna ganin kun cancanci wani taimako ku kira kamfanin da ke ba ku gas da kanku ko kansul ɗinku, wato ƙaramar hukumarku. Masu haya kuma, gyara da canji na mai gida ne, dole ya sa a duba gas ɗin duk shekara ya ba ku takardar, kar ku biya kowa ko kwabo.

In da gaske boilar ta tsufa, tana yawan mutuwa, kayan gyaranta sun yi wuya, ku nemi farashi a rubuce daga wuri uku, ku biya da katin bashi saboda doka tana kare ku kan kayan da ya haura fam 100 zuwa 30,000, in ta banki kuka tura da hannunku dawo da shi aiki ne. Cinikin da aka ƙulla a gidanku kuna da kwana 14 ku fasa.

Amma kar tsoron 'yan damfara ya sa ku yi sakaci da haɗarin gaske. Gubar kabon monoksayid, iskar da boila mai matsala kan fitar, ba ta da wari ba ta da launi. In harshen wutar boilar ya koma rawaya maimakon shuɗi, ko kun ga baƙin hayaƙi a jikin bango, ko kowa a gidan yana ciwon kai da jiri yana warwarewa in ya fita, ku kashe, ku buɗe tagogi, ku fita waje ku kira lambar gaggawa ta gas 0800 111 999.