Fibula ta Rumawa: ta asali ko ta kwaikwayo?

Malam, ka ce ka ga ana tallar maɓallin alkyabbar Rumawa iri biyu, ɗaya tsoho kore mai tsada, ɗaya sabo mai sheƙi da araha, kana so ka san bambancinsu kafin ka saka kuɗinka. To, ga abin da na sani.

Sunan abin fibula. Da ita sojan Rum ke maƙale mayafinsa na ulu a kafaɗar dama, don hannun takobi ya samu sakewa. Baka ce ta ƙarfe, da allura a bayanta, da ɗan gurbin da bakin allurar ke kwanciya, kamar dai fil ɗin da Walter Hunt ya yi wa rajista a Amurka a 1849.

Mu fara da launi, don nan mutane suka fi ruɗewa. Koren nan da ke jikin ta asali ba adon maƙeri ba ne, tsatsar tagulla ce ta shekaru kusan 2,000 a cikin ƙasa. Ranar da ta fito daga maƙera ƙyalli take yi kamar zinariya. Irin da ake kira Aucissa, ta ƙarni na 1, wadda maƙerin ya buga sunansa a kanta, yawanci da haɗin jan ƙarfe da tutiya aka yi ta, rawaya ce fatau. Ka ga ke nan ta kwaikwayon ce ta fi kama da abin da Barume ya gani a kafaɗarsa. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai ranar da na fara jera su a tafin hannu.

Wajen aiki kuwa tazarar ba kaɗan ba ce. Ta asali sau da yawa allurarta ta karye ko ta ɓace, wadda ta rage kuma ƙarfenta ya mutu, ka tanƙwara ta kaɗan ta ɓalle. Ta kwaikwayo za ka soka a bargo mai kauri ka wuni da ita. Sai dai in ka duba da kyau, ta asali tana da sawun magagari a ciki, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Masu arahar nan na yanzu zubi ne daga mazubi guda, sumul, wani lokaci har da layin zubin ba a goge ba.

Abin da sabuwa ba za ta taɓa samu ba shi ne shaida. Irin mai siffar baka da kibiya, mai ƙulli uku kamar albasa, alamar muƙami ce daga ƙarni na 4, sarki kan ba manyan jami'ai ta zinariya. Tana kafaɗar fadawan Justiniyan, sarkin Rumawa, a hoton bangon cocin San Vitale a birnin Rabenna na Italiya, an kuma sami ɗaya a kabarin Childeric, sarkin ƙabilar Franks, da aka tono a garin Turne na Beljiyam a 1653. Da irin waɗannan masana ke gane shekarun kabari ko sansani. In ɓarawon kufai ya tono ta ya sayar a ɓoye, wannan ilimin ya tafi har abada, abin yana ci mini rai. Ga kuma jabu: sabuwa ce ake jiƙa wa sinadari ta yi kore, a ce maka tsohuwa ce.

Ni dai shawarata, in sawa za ka yi ko nuna wa ɗalibai, ɗauki ta kwaikwayo daga maƙerin da ya faɗi samfurin da ya kwafa. In ranka na kan ta asali, nemi takardar inda aka samo ta da hannun da ta bi, in babu ka haƙura. Kuma kada ka soka ko wacce a shadda, allurar tana da kauri, huda za ta bar maka.