Tona ko saka riga a cikin bututu?

Tun da aka gyara mana bututun masai a gidanmu na Jidda mutane ke ta tambayata wanne ya fi, a tona ko a yi wannan sabon aikin da ba a fasa ƙasa.

Shi sabon, kyamara ake fara zurawa a ga inda ya tsage, a wanke cikin, sai a tura wata riga mai laushi da aka jiƙa da gam, a hura ta da iska ta manne jikin tsohon bututun, in ta bushe ta zama bututu a cikin bututu. Mu yini ɗaya aka gama, ko tayil ɗaya ba a ɗaga ba, amma fa kuɗin sai da Baba ya ce a sake faɗa masa, kuma ba kowane mai gyaran famfo ke da injin ba.

Tona kuwa kowa ya iya, sai dai ƙura da wari da kwanaki babu banɗaki, ga sayen tayil da siminti daga baya.

In bututunka ya rufta ko ya lotsa ruwa na kwanciya, riga ba ta miƙe shi, ka tona kawai. In tsagewa ce a ƙarƙashin falo ko kicin, rigar ce taka.