Darasin jitar Pat Martino: alwatika da murabba'i a wuyan jita

Gaskiya kuɗin da na biya wa darasin bidiyo na Pat Martino a TrueFire, shafin koyar da jita a intanet, ba su tafi a banza ba. Mutumin makaɗin jitar jazz ne ɗan Filadelfiya a Amurka, an yi masa aikin ƙwaƙwalwa a 1980 ya manta kiɗa gaba ɗaya, ya dawo ya sake koyo, ya rasu a 2021.

Shi bai yarda ka kalli jita da idon mai fiyano ba. Zai zana maka da'ira irin fuskar agogo, sauti 12, in ka raba uku alwatika ta fito wato ogmented, in ka raba huɗu murabba'i ya fito wato diminish, kuma a wajensa waɗannan biyun su ne iyayen sauran kod ɗin, wato sautukan da ake kaɗawa tare. Da farko na ɗauka falsafa ce kawai, sai da na ɗora yatsu. Ka kama diminish na C# E G Bb, ka sauke yatsa ɗaya da firet ɗaya, wato gaɓa ɗaya a wuyan jitar, in C# ka sauke ka samu C7, in E ne Eb7, in G ne F#7, in Bb ne A7, kod huɗu kenan hannunka bai bar wuri ɗaya ba, kuma duk firet uku siffar tana maimaita kanta har ƙarshen wuyan jitar. Wallahi wannan kaɗai ya rage min haddar da nake fama da ita.

Wajen solo kuma, wato inda kake jan layin sauti kai kaɗai a kan kod ɗin, komai yana mai da shi maino (minor), in ana G7 sai ka ja layin D maino a kai, yana zama daram.

Amma fa a kula, siffa tana da daɗin gudu, yatsu sai su riga kunne, kana ta zuba sauti amma babu magana a ciki. Ni yanzu sai na rera layi da baki kafin in nemo shi a tsirkiya. Sannan Martino yana magana a nutse, yana zurfafawa sosai, wanda bai san sunayen sautukan da ke wuyan jitarsa ba zai sha wuya, gara ya fara da can tukuna. Wanda ya riga ya iya bin II-V-I kuwa, wato jerin kod ukun nan da ya yawaita a jazz, ya sayi darasin kawai, ya fara da ɓangaren diminish ɗin.