Yaya, ga bayanin maganin gwiwar Hajiya da kuka ce in nemo

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ga bidiyon da ka turo min a WhatsApp na maganin da ake cewa yana sa guringuntsin gwiwa ya sake tsirowa, kuma wlh tun ranar da ka ce min yanzu a kan kujera take sallah ban samu natsuwa ba, shi yasa na zauna na bi diddigin abin sosai.

Maganar akwai gaskiya a cikinta. Aikin ma kusa damu aka yi shi, jami'ar Northwestern dake Evanston nan gefen Shikago a Amurka, wani farfesa Samuel Stupp da mutanensa, a 2024 suka fitar da sakamakon. Ka tuna in an yanka ragon layya an fasa gaɓar ƙafa, wannan farin abun mai santsi da ƙyalli a kan ƙashi? To shi ne guringuntsin da ake magana, kuma matsalarsa jijiyar jini bata ratsa shi, shi yasa in ya cinye baya warkewa kaman fata ko ƙashi. Su kuma sai suka haɗa wani abu mai kauri kaman kullu, a ciki akwai feftayid, wato ƴan gutsattsarin furotin, wanda aikinsa ya kama wani sinadarin jiki mai suna TGF beta-1 dake sa guringuntsi girma, suka gauraya da hayaluronik asid wanda dama akwai shi a ruwan gaɓa. In an cusa shi a ramin da guringuntsi ya lalace sai ya daskare kaman roba, ƙwayoyin jiki su samu wurin kamawa su yi gini a kai. Bayan wata 6 suka tarar sabon guringuntsi mai inganci ya fito.

Amma Yaya a jikin tumaki aka gwada, tare da likitocin dabbobi na jami'ar Wiskonsin, saboda gaɓar tunkiya tana ɗaukar nauyi kusan irin gwiwar mutum. Ba abu bane da zan shiga kanti in saya in aiko. Sannan ramuka ne aka cike a guringuntsin, na Hajiya kuwa cinyewar shekaru ce.

Abinda ya fi damuna shine garin da ake tallarsa da sunan kolajin feftayid (shi kolajin wani furotin ne dake cikin fata da guringuntsi). Nan ma gashi nan jibge a manyan kantuna cikin robobi, ana zubawa a shayi, sunan ne kawai yazo ɗaya, wanda aka sha ciki zai narkar dashi kaman sauran abinci, ba zai tafi gwiwa ya toshe rami ba. Dan Allah kar wani ya karɓe muku kuɗi da sunan maganin Amurka ne.

Ni kaina gwiwata ta dama ta matsa min bara saboda tsayuwar wurin aiki, to anan na ga yadda abin yake. A gida in kana da kuɗinka yau ɗinnan zaka ga likita, ko ka leƙa kemis a baka diklofenak ba tambaya. Nan sai da likitana ya rubuta takarda, na jira sati 5 kafin na ga likitan ƙashi, ƴan inshora kuma suka ce ba maganar hoton MRI sai nayi gashi, wato atisayen motsa gwiwa a asibiti, tukunna. Na ji haushi lokacin, amma gashin nan shi ya taimake ni, wata baiwar Allah ta ɗaura min roba mai talewa a idon sawu tana ƙirga min ɗagawa goma goma har cinyata na rawa, tace in naman cinya yayi ƙarfi gwiwa tana samun sauƙin nauyi. Ƙwayar diklofenak kuwa nan sai da takardar likita, na shafawa ne kawai ake sayarwa haka, saboda yawan shanta yana taɓa ciki da ƙoda, kuma ina jin Hajiya kullum sai ta sha, wannan a duba shi da gaggawa.

Inda ƴan Amurka suka fi mu nesa ba kusa ba wajen tiyata ne, akwai wadda ake huda ƙashi ƙanana ƙanana dan guringuntsi ya fito, dukda wanda ke fitowar baya kai na asali ƙarko, akwai kuma MACI da aka amince da ita tun 2016, a ɗebi guringuntsinka a raina shi a ɗakin gwaji a mayar maka. Kuɗin kuwa in ba inshora sai dai a yi shiru.

Shawarata a kaita asibitin ƙashi na Dala ayi hoto, a tambayi sashen gashi, kar a kaita wajen mai ɗori tunda ba karaya bace ba kuma targaɗe ba. Zan turo kuɗin ƙarshen wata in sha Allahu, akwai kuma abin ɗaure gwiwa guda 2 da na saya, ka auna min kaurin gwiwarta da tef ɗin tela in tabbatar zasu shige ta. A gaida min ita sosai, ace ranar Juma'a zan kira bayan la'asar ɗinku.