Ƙaramin Tiger ko mai 2.5kVA: wanne zai ɗauki firizar Hajiya?

Hajiya, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Kin ce kina sayar da ƙanƙara da kunun aya a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kina da firiza ɗaya, fanka biyu, talabijin da ƙwan lantarki biyar, kuma kina son sanin ko ƙaramin janareto irin Tiger 950 zai wadatar, ko sai kin haura zuwa mai 2.5kVA.

Mu fara da ƙaramin. Lambar 950 da ke jikinsa ba ita ce ƙarfinsa ba. Abin da yake iya riƙewa bai wuce wat 650 ba. Ki lissafa kayanki: fanka biyu kusan wat 150, ƙwai biyar na LED wat 50, talabijin kamar 60, firiza idan tana aiki 150 zuwa 200. Duka bai kai 500 ba, shi ya sa mai shago zai ce miki zai ɗauka. To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk lokacin da kwamfuresar firiza, wato injin da ke sanyaya ta, za ta tashi, takan ja ninki uku na ƙarfinta ko fiye, na ɗan daƙiƙa. Wat 600 ke nan a kan 260 na sauran kaya, an riga an wuce iyaka. Kuma ba sau ɗaya take tashi ba, wuni take tana tsayawa tana sake tashi.

Na ga haka da idona a shagon wani ƙanena. Firiza na tashi sai ƙarar injin ta sauya kamar an shaƙe shi, ƙwai su dusashe, fanka ta rage gudu, sai ka ji "ƙyat" a bayan firizar, kwamfuresa ta kasa tashi. Bai yi wata biyu ba ta ƙone, kuma kuɗin gyaranta ya fi ciwo a kan abin da ya rage wurin sayen ƙaramin inji. Wannan injin na fanka ne da haske da cajin waya. A nan kam ba ya da laifi, ga sauƙin shan mai, sai dai dole a riƙa haɗa masa fetur da baƙin mai.

Mai 2.5kVA kuwa, ki ɗauka wat 2,000 yake bayarwa, kuma kada ki ɗora masa fiye da 1,600. Dalili, zafin Sakkwato. Daga Maris zuwa Mayu muna haura digiri 40, inji kuma ƙarfinsa raguwa yake idan iska ta yi zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iskarsa. Duk da haka zai riƙe kayanki cikin natsuwa, har da tashin firiza, da sauran sarari.

Amma ki kiyaye shi da kayan da ke zafi. Dutsen guga kaɗai wat 1,000 ne ko fiye, butar lantarki 1,500 zuwa 2,000. Guga za ki iya yi idan kin kashe firiza. Butar kuwa ki jira wutar nefa.

Ni dai babban nake ba ki shawara, ko da sai kin ƙara haƙuri kin tara. Idan kin saya, ki tada shi ba komai a kansa, ya yi minti biyu, ki kunna firiza ita kaɗai, sannan sauran ɗaya bayan ɗaya. Mai wayarin ya sa miki cenjoba, wato makunnin sauya wuta, don kada wutar nefa ta dawo ta haɗu da ta inji. Kuma don Allah, Hajiya, a tsakar gida za a ajiye shi, nesa da taga, ba a zaure ko cikin shago ba. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutane suna barci.