Keken mutum biyu: wanne ya dace da kai da uwargida kafin hutu?

Idan kuna shirin hawa Ngaundere a hutun ƙarshen shekara don shan sanyin tudun Adamawa, kuma ranku ya biya da keken nan mai sirdi biyu, to ku fara duba kujerar baya kafin ku tambayi kuɗi. Na gaba shi ke riƙe da kan keke da birki da giya. Ta baya feda kawai take takawa, ba ta ganin rami sai ta ji shi a ƙugunta, kuma da yake sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedojin biyu, ba za ta iya hutar da ƙafa ba muddin maigida yana takawa. Keken da bai yi wa uwargida daɗi ba, fita ɗaya za a yi da shi a jingine shi a zaure.

Mafi arha shi ne haɗin mai walda: a yanke tsofaffin kekuna biyu a liƙa su wuri ɗaya. Ina girmama basirar masu waldarmu, amma ban ba da shawararsa ba sai don zagayen unguwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta cikin Marwa. Ƙafafunsa na keken mutum ɗaya ne, yawanci sifoki 32 ko 36, alhali keken mutum biyu na asali kan zo da 40 ko 48. Ga shi kuma jikinsa yana lanƙwasa idan an taka da ƙarfi.

A ganina gwanjon da ke shigowa daga Turai ta Duwala ya fi, in an dace da mai kyau. Amma a nan ne ake buƙatar ido. Fara da taya: nemi mai inci 26, don ita ce za ka samu a wurin kowane mai faci daga Garwa har ƙauye. Siririyar tayar nan ta 700 tana gudu a kwalta, amma ba ta son yashi, kuma samun madadinta a hanya aiki ne. Sai jikin keken. Na ƙarfe ya fi nauyi, sai dai in ya tsage mai walda zai gyara a take. Na alminiyam mara nauyi ne, amma ba kowa ke iya ɗinke shi ba. Juya shi ka duba ƙarƙashin inda fedoji suke, nan tsatsa da tsaga ke ɓuya.

Birki kuwa kada a yi wasa da shi. Nauyin mutum biyu a doguwar gangara yana sa birkin roba ya gasa gargaren har iskar taya ta kumbura ta fashe. Wanda ya san gangarar dutsen da ke kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san abin da nake nufi. Shi ya sa mai birkin faifai, ko wanda aka ƙara masa birki na uku a cibiyar ƙafar baya, ya cancanci ƙarin sefar da za a nema.

Akwai wani samfuri na Jamus, Hase Pino, wanda mutum ɗaya ke zaune a gaba a kishingiɗe, mai tuƙi yana baya. Uwargida tana ganin hanya tar, ga wurin jingina baya. Yana da daɗi ƙwarai, amma tsadarsa ta wuce ta hutu ɗaya, kuma kayan gyaransa sai an yi oda.

Abin da masu sayarwa ba sa kawowa shi ne zancen sutura. Mace mai zani ko doguwar riga tana buƙatar keken da sandarsa ta baya ta yi ƙasa, yadda za ta hau ba tare da ɗaga ƙafa sama ba. A sa murfin sarƙa, a kuma rufe saman ƙafar baya da raga, domin bakin hijabi in ya shiga sifoki ba ya jiran a taka birki. Sirdinta ya zama mai faɗi, mai sifirin a ƙasa.

Ku tuna tsawonsa ya kusa mita biyu da rabi, ba ya shiga but ɗin mota. Sai saman bas, a cire ƙafar gaba a naɗe giyar da tsumma.

Kada a biya kuɗi sai kun hau tare. Maigida ya fara hawa, ya kafa ƙafafu biyu a ƙasa ya matse birki, sannan uwargida ta zauna ta ɗora nata a feda. A hanya ya riƙa faɗa da baki: "Hajiya, ga rami," "zan canja giya," "za mu tsaya." In gwiwarta tana bugun hannun da take riƙewa, ko fuskarta ta manne da bayansa, keken ya yi muku gajarta, a nemi wani.