Wane ƙaramin jirgi ne zai jure filin tsakuwa da iskar gefe?

Duk ƙungiyar da ke son sayen ƙaramin jirgin sama domin kai likitoci ko magunguna zuwa wurare irin su Iferwan a tsaunukan Ayar na Nijar, ko Bardayi a tsaunukan Tibesti na Chadi, ta fara duba ƙafafunsa tun kafin ta tambayi kuɗinsa. Filayen can ƙasa ce da tsakuwa, iska kuma ba ta tambayar inda filin ya fuskanta.

Jirage iri biyu ne a nan. Akwai mai ƙaramar taya a wutsiya, kamar Piper Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1949, da Cessna 185, wanda aka daina a 1985. Hancinsu a ɗage yake, don haka farfela tana nesa da duwatsu, ga shi ana sa musu manyan tayoyi masu laushi da ke haɗiye ramuka. Matuƙan dajin Alaska na ji da su. Amma aibinsu yana fitowa ne daidai inda muke tsoro. Nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyin, to da zarar iska ta bugo daga gefe yana cikin gudu a ƙasa, sai wutsiya ta nemi wuce hanci. Idan ƙafar matuƙi ta yi jinkiri ko da ƙiftawar ido ne, jirgin ya kewaye kansa, bakin fiffike ya daki ƙasa. Super Cub kuma mutum biyu kawai yake ɗauka, ba inda za a shimfiɗe marar lafiya.

Sai mai taya a hanci, kamar Cessna 206 mai kujeru 6. Yana miƙewa da kansa bayan sauka, ya fi yafe wa matuƙi kuskure. Rauninsa ita ce wannan tayar ta gaba: ta faɗa rami ko yashi mai zurfi, ƙafar ta lanƙwashe, farfela ta ci ƙasa. In za ka sayi na hannu, ka shafa bakin farfelar da farcenka. Duk tsagar da farcen ya maƙale a ciki, tsakuwa ce ta bar shaida. Ka sa makaniki ya leƙa bangon da ke bayan inji, inda ƙafar gaba take kamawa, ko ya yamutse.

Ni dai, in da hali, Cessna Caravan ko Kodiak 100 zan zaɓa, kuma dalilina shi ne man da suke sha. Waɗancan ukun na baya fetur ɗin jirgi na musamman suke sha, wanda samunsa a Sahel aiki ne. Waɗannan biyun kalanzir ɗin jirgi suke sha, irin na manyan jirage a Yamai da Njamena. Kodiak, mai ƙarfin doki 750, an zana shi ne tun farko domin gajerun filaye. Tsada gare su, ƙurar hunturu kuma tana cin fiffiken cikin injin, sai an riƙa dubawa a kai a kai.

Ka buɗe littafin jirgin ka nemi iskar gefen da aka gwada shi da ita. Ta Caravan kusan kilomita 37 ce a awa, guguwar gaban hadari kuwa tana ninka haka cikin mintuna. Ka kuma nemi tsawon filin da yake buƙata da tsakar ranar bazara da cikakken kaya, domin zafi yana rage wa iska kauri, jirgi ya yi ta gudu bai ɗaga ba.